Karatun Gani da Ido

Kwanakin baya na kai ziyara gidan ƙanwata a cikin birnin Kano, bayan an sallaci la'asar aka shimfiɗa mini tabarma a soro, sai ɗanta, wanda yake aji shida a firamare, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuwa, kamar yadda na saba yi wa 'ya'yan dangi, na tambaye shi abin da aka karantar da su a wannan mako. Yaro ya gyara zama, ya shiga zubo mini karatu ba gargada: Sarkin Kano Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Na yi murna ƙwarai, na sa masa albarka, sa'an nan na ce, "To, kai ka taɓa ganin ganuwar nan da idonka?" Ya ce, "A'a, Kawu, ba a kai mu ba tukuna." Alhali kuwa na san hanyar da yake bi zuwa makaranta, na kuma san kullum safiya sai ya ratsa ta gindin wani tudun jar ƙasa wanda ruwan sama ya zaizaye, awaki na hawa suna sauka, mutane na zubar da shara a gefensa, wannan tudu kuwa shi ne abin da ya rage na badalar da ya gama ba ni labarinta. Shekara shida ke nan yana wuce ta safe da rana, yana ɗauke da sunanta a cikin jakarsa, amma ba a sami wanda ya tsayar da shi ya haɗa masa suna da mai suna ba.

Malamanmu na da, waɗanda suka yi zurfi wajen sanin yadda ilimi yake shiga zuciyar ɗan Adam, sun rarrabe tsakanin labari da mu'ayana, watau tsakanin abin da aka gaya maka da abin da ka gani ƙuru-ƙuru, har suka sanya wa yaƙini martabobi uku, suka ce wanda amintacce ya ba shi labarin akwai wuta a bayan dutse yana da ilmul yaƙini, wanda ya hau dutsen ya hango harshenta ya kai ga ainul yaƙini, wanda kuwa ya matsa har zafinta ya buge shi, to, shi ne ya sami haƙƙul yaƙini. Bahaushe ya dunƙule wannan duka da ya ce gani ya kori ji. Abin da ke damuna shi ne mun tsayar da 'ya'yanmu a martaba ta farko tun daga aji ɗaya har su gama sakandare, malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar da shi ranar jarrabawa, a ba su takardar shaida, bayan wata uku kuma a neme shi a ƙirjinsu a rasa, domin karatun bai sami wani abu na zahiri da zai maƙale a jikinsa ba. Hadda aba ce mai daraja, da ita aka kiyaye Alƙur'ani mai girma a ƙirazan bayin Allah, ba ni kuwa da niyyar rage mata martaba ko kaɗan. Amma wanda zai san ƙasa, da ruwa, da tsiro, da tarihin garinsu, lalle ne ƙafarsa ta taka, hannunsa ya taɓa, hancinsa ya shaƙa.

Na sani akwai masu ɗaukar fita da yara daga aji a kan wata bidi'a da Turawa suka zo da ita tare da kujera da ƙararrawa. Wanda ya yi nazari kaɗan zai ga al'amarin ba haka yake ba. A wurare da yawa Alƙur'ani ya umurci mutane da su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen magabata ya kasance, a cikin Suratul Gashiya kuma an jawo hankalinmu ga halittar raƙumi, da sama, da duwatsu, da shimfiɗar ƙasa, waɗanda duk ba a ganinsu sai an fita daga ƙarƙashin rufi. Tafakkuri da i'itibari ibada ne, kayan aikinsu kuwa ido ne buɗaɗɗe. Saboda haka ne rihila wajen neman ilimi ta zama sunnar malamai: Imamul Buhari ya bar Buhara ya zaga Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar yana neman hadisi daga bakin masu shi, Shaihu Magili ya taso daga Tilimsan har ya iso Kano a zamanin Rumfa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ko a tsangayunmu, gardawa sukan fita kiskadi, su kafa bukkoki a bayan gari, su yi tilawa nesa da hayaniya. A cikin 'yan boko ma, Alhaji Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya komo ya rubuta labarin tafiyarsa, bai sami sunan da ya fi dacewa da littafin ba sai karin maganar nan tamu, tafiya mabuɗin ilmi. Ba ina nufin a ɗora wa yaro ɗan shekara goma tafiyar Buhari ba, ba kuma ina yabon sakin ƙananan yara suna gararamba a kwararo da sunan almajiranci ba, wannan wani ciwo ne daban mai bukatar nasa sharhin. Nufina kawai a gane cewa asalin abin namu ne, wanda ya fita da ɗalibansa domin su gani da ido yana kan tafarkin magabata.

Mai karatu zai iya cewa, to, ai iyayenmu da suka yi elementare a zamanin En'e ba kullum ake kwasarsu ana kai su ko'ina ba, ga shi kuwa sun fito masana. Gaskiya ne, amma a tuna irin yaran da ake kawowa makaranta a wancan zamani. Yaro kafin a sa shi a aji ya riga ya yi kiwon awaki, ya bi mahaifinsa gona ya yi shuka da firi da maimai, ya je itace, ya ɗebo ruwa a rijiya, ya san kukan kowane tsuntsu, ya san inda zomo ke kwana, ya iya duban gabas ya ce hadarin nan na ruwa ne ko na iska. Daji ya riga ya karantar da shi kyauta, abin da ya rage wa malamin makaranta shi ne ya ɗora masa baƙi da wasali da lissafi a kan wannan harsashi. Yaron birni na yau kuwa, daga gida mai doguwar katanga sai cikin A-daidaita-sahu, daga nan sai aji, daga aji sai Islamiyya, da magariba kuma ya karɓi wayar uwarsa ya duƙufa a kanta har barci ya ɗauke shi. Yana shan miyar kuka bai taɓa tsayawa a gindin kuka ba, yana cin daddawa bai san ɗorawa ba, ana shafa masa man kaɗe bai san kaɗanya ba, balle a kai ga marke da kirya da maɗaci. Harsashin da daji yake ginawa a da, yanzu babu mai gina shi, nauyin kuwa ya faɗo a wuyan makaranta, ko ta so ko ta ƙi.

A ɗauki gawo kaɗai a ga irin darasin da ke cikinsa. Galibin itatuwan ƙasarmu da damina suke yin ganye, da rani su kaɗe, shi kuwa gawo sai ya saɓa musu, ya zubar da ganyensa idan ruwa ya sauka, ya yi kore shar lokacin da kome ya bushe. Saboda haka manomi ba ya sare shi a gona, domin da damina ba ya tare wa gero da dawa rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma dabbobi su sami inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gindinsa. Malamin da ya tsaya da yara talatin a gindin gawo ɗaya cikin watan Agusta, ya nuna musu yadda dawar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta nesa da shi tsawo da duhun ganye, sa'an nan ya komo da su wurin cikin watan Fabrairu, ya karantar da su kimiyyar noma, da hikimar kakanninsu, da tauhidi, a zama biyu, bai kashe ko sisin kwabo ba.

Ni kaina abin da ya fi zama a raina daga dukan shekarun da na yi a firamare, wata safiyar Alhamis ce da wani malaminmu, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makomarsa, ya jera mu biyu-biyu, muka taka da ƙafa har marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita suke ƙidaya asalinta tun daga 1498. Kafin mu shiga ya tsayar da mu a bakin ƙofa ya yi mana gargaɗi, ya ce mutanen da za mu tarar a ciki iyayenmu ne, a yau kuma su ne malamanmu, shi da mu duk almajirai ne, kada wanda ya toshe hancinsa don warin baba, kada wanda ya yi magana sai an ba shi izini. Muka shiga muka tarar da rijiyoyin rini birjik a ƙasa, waɗansu an kifa musu murfi na saƙa, waɗansu a buɗe da kumfa mai shuɗi a samansu. Malam ya cire takalmi, ya rusuna ya gai da wani dattijo wanda hannuwansa suka rine har gwiwa, ya ce, "Baba, ga 'ya'yanka na kawo su ga sana'a." Dattijo ya ce, "Madalla, Malam, Allah ya yi musu albarka. Ku matso, yarana, amma ku kula da bakin rami." Ya bayyana mana yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin ruwa, a bar su kwanaki suna tsimuwa, ana motsawa da doguwar sanda, har ruwan ya nuna. Sa'an nan ya ɗauki wani farin ƙyalle ya tsoma, ya jujjuya shi a ciki, ya tsamo shi ya ɗaga sama. Mu duka muna jiran mu ga shuɗi, sai muka ga ƙyalle ya fito kore-kore, kamar ɗanyen ganye, muka dubi juna, har wani daga cikinmu ya yi subul da baka ya ce, "Baba, ai bai kama ba." Dattijo bai ce kome ba, ya dai ci gaba da riƙe shi yana girgizawa a hankali, a gaban idonmu kuwa kore ya riƙa gushewa, shuɗi yana bayyana, har ƙyalle ya rine sarai. Ya ce, "Sai ya sha iska, ɗana. Rami rabin aiki yake yi, iska ke ƙarasawa."

Bayan shekaru da dama, ina sakandare, malamin kimiyya ya zo yana bayanin yadda wani sashe na iskar da muke shaƙa yake haɗuwa da abubuwa ya sāke musu kama, shi ne ke sa ƙarfe tsatsa, shi ne ke sa goro ya yi ja idan an tauna ko an fasa shi an ajiye. 'Yan ajinmu suna ta fama da haddar kalmomin Turanci, ni kuwa hannun dattijon nan kawai nake gani yana girgiza ƙyalle. Darasin ya tarar da mazauninsa a shirye. Amma akwai wata fa'ida da na samu a ranar wadda ta fi ta kimiyya girma, ban kuwa gane ta ba sai da na manyanta. Mun shiga makarantar boko da wani ɓoyayyen girman kai, muna zaton duk wanda bai iya riƙe fensir ba jahili ne, sana'ar hannu kuma aikin wanda ya rasa abin yi ce. Ganin malaminmu, wanda muke ɗauka ya san kome a duniya, ya cire takalmi ya rusuna wa marini, yana tambaya ana ba shi amsa, ya karya wannan girman kai a zuciyata, karyawar da wa'azin shekara guda ba zai yi ba. Yaron da aka kai shi maƙera ya ga yadda ake zuga wuta da zugazugi har ƙarfe ya yi ja a ɗora shi a uwar maƙera, aka kai shi majema ya ga yadda bagaruwa ke gyara fata, aka kai shi fadama ya ga mai lambu yana raba ruwa fangali-fangali, da wuya ya girma yana wulaƙanta talaka idan Allah ya ba shi kujera a ofis. Wannan tarbiyya ce, tarbiyya kuwa ita ce asalin abin da iyaye suka kai 'ya'yansu makaranta dominsa.

Game da tarihi kuwa, Allah ya yi wa ƙasar Hausa baiwar da ba ta bukatar dogon bayani. Yaron da ya hau Dutsen Dala ya tsaya a ƙololuwarsa, ya hango Gwauron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da Gidan Rumfa, aka ba shi labarin Barbushe da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama, zai fahimci dalilin da ya sa gari ya kafu a nan bai kafu a wani wuri ba. Idan aka sauko da shi aka kai shi Gidan Makama, aka bi da shi Ƙofar Kabuga inda sojan Turawa suka shiga birni a 1903, shekarar ta daina zama lambobi huɗu a takarda. Ɗan Daura yana da rijiyar Kusugu, har yau ana zura guga a ɗebo ruwanta a sha. Ɗan Katsina yana da hasumiyar Gobarau. Ɗan Zazzau yana da Kufena. Ɗan Kabi yana da kangon Surame da ganuwarta ta dutse wadda Kanta ya gina. Ɗan Birnin Kudu yana da zanen shanu a jikin duwatsu wanda mutanen farko suka bari, da duwatsun da in an ƙwanƙwasa su suke amo kamar ƙarfe. 'Yan'uwanmu na Damagaram suna da fadar sarki da tsohuwar unguwar Birni. An yi shekaru a Nijeriya an cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu kafin a gane kuskure a dawo da shi, amma dawo da littafi bai wadatar ba matuƙar wuraren da littafin ke magana a kansu suna lalacewa ba mai kula. Badalar Kano da ake ta haƙar ƙasarta ana yanka filaye a kanta, mutanen da ke yin wannan ɓarna ai dā yara ne, waɗanda ba a taɓa tsayar da su a gindinta an ce musu kakanninku ne suka ɗauko wannan ƙasa a ka, kwando-kwando, domin ku kwana lafiya ba.

Akwai kuma wani abu da duk malamin da ya taɓa fita da ajinsa zai shaida. Yaron nan da ke zaune a bencin baya, wanda aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci saboda ba ya iya haɗa baƙi da sauri, sau da yawa shi ne za ka ga ya shige gaba da an fita fili, shi ya san sunan kowace ciyawa, shi ya san sawun kowace dabba, shi zai ce wa 'yan'uwansa kada su taɓa wancan tsiro yana da ƙaiƙayi. A ranar 'yan ajinsu suke fara ganin girmansa, shi ma ya fara ganin girman kansa, malami kuma ya gane cewa basira iri-iri ce, Mai rabawa bai hana kowa nasa kaso ba. Na ga yaran da irin wannan rana guda ta hana su gudun makaranta.

'Yan mata ma kada a bar su a baya, domin na lura idan an tashi fita, galibi su ake fara cewa su zauna. In akwai malama mace mai kamun kai a tare da su, da izinin iyaye, da sutura ta mutunci, ban ga hujjar hana su ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda shugabanninsu da ake kira jaji suke jagorantar mata daga ƙauyuka su yi tattaki zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma da shi, ba kuwa wanda zai ce ya fi ta sanin haddin shari'a.

Sai dai wajibi ne in faɗi gaskiya a kan yadda abin ya lalace a hannun waɗansu makarantun kuɗi na birane. An mai da shi yawon buɗe ido tsantsa: a rubuto wa iyaye takarda a yanka musu kuɗi mai nauyi, a ɗinka riga ta musamman, a yi hayar doguwar mota, a kwashi yara a kai su babban kantin zamani ko wurin lilo, su sha kayan sanyi, a ɗauki hotuna a watsa a Facebook domin tallar makaranta, a dawo da su a gajiye ba su ƙaru da kome ba. Mafi muni, ɗan da ubansa bai iya biya ba a bar shi a aji shi kaɗai ko a ce ya zauna gida, gobe ya zo ya tarar ana hirar abin da bai gani ba. Wannan zalunci ne ga ƙaramin yaro, raunin da yake bari a zuciya kuwa ba ya warkewa da wuri. Ba na ƙin a faranta wa yara rai, nishaɗi halal ne, amma kada a kira shi karatu, kada kuma a mai da shi ma'aunin da ake rarrabe ɗan mai hali da ɗan talaka a cikin aji guda. Irin wannan ne ya sa iyaye da yawa, da sun ji an ce za a fita da yara, sai su ce wata hanyar tatsar kuɗi ce aka ɓullo da ita, ba kuwa za a ga laifinsu ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu hani suke da ita ita ce ta tsaro, ni kuwa ba zan raina ta ba, domin ni ma uba ne. Wanda ya tuna da yaran Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020, da 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da yaran Kuriga a watan Maris na 2024, ba zai zargi uwar da ta ce ɗanta ba zai shiga motar da za ta ratsa daji ba. Ga kuma haɗarin hanya, da motocin da ake cusa wa yara fiye da kima, da kwale-kwalen da ba rigar ruwa a cikinsa. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo maslaha, ran yaro guda kuwa ya fi dukan darussan duniya. Saboda haka, duk da ina fatan kowane yaro a ƙasar nan ya ga giwayen Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, ya tsoma ƙafarsa a ruwan ɗumi na Wikki, ya ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna sauka a fadamun Hadeja da Nguru da hunturu, ya ga madatsar ruwa ta Tiga da yadda take shayar da gonakin Kadawa, ba zan ce a kai su ba sai inda hanya ta tabbata lafiya, da shawarar jami'an tsaro da yardar iyaye a rubuce. Amma malaman nan dai su ne suka kafa ɗaya ƙa'idar, cewa abin da ba a iya samunsa duka, ba a barinsa duka. Rashin zuwa Yankari bai zama uzurin rashin zuwa gindin tsamiyar da ke bayan makaranta ba. Ban san wata makaranta a ƙasar Hausa wadda za a yi tafiyar rabin sa'a daga ƙofarta ba a tarar da maƙera, ko masaƙa, ko lambu, ko kasuwa, ko injin niƙa, ko asibitin sha-ka-tafi, ko tsohon masallaci, ko wani dattijo da ya san tarihin unguwa ba. Fitar da ta fi amfani ita ce ta kusa, ta ƙafa, wadda ake maimaitawa, wadda ɗan gwamna da ɗan mai faskare za su jera a sahu ɗaya.

Masu cewa ɓata lokaci ne, ga manhaja ba a gama ba, ga jarrabawa ta matso, su ma suna da gaskiya idan fitar ta zama ta gayya ba shiri. Malamin da ya san aikinsa yakan riga yara zuwa wurin da kwana biyu ko uku, ya gai da mai unguwa, ya nemi izinin masu wuri, ya duba inda rami yake da inda inuwa take, ya san abu ɗaya ko biyu da yake so yara su gani, domin wanda ya ce zai nuna kome ba zai nuna kome ba. Ya koma aji ya sa kowane yaro ya rubuta tambayar da zai yi. Ran tafiya a fita da sanyin safiya kafin rana ta take, da ruwan sha, da wani babba ko biyu daga cikin iyaye, a ƙidaya yara a bakin ƙofa, a sāke ƙidaya su kafin a juyo. Rabin amfanin kuwa sai an dawo ake samunsa, lokacin da za a ce kowa ya zana abin da ya gani, ya rubuta insha'i a kansa, da Hausa tukuna, harshen da ya yi mamakin da shi, daga baya a taimake shi ya juya abin da ya sawwaƙa zuwa Turanci ko Larabci. Yaran da kullum in an ce su yi insha'i sai su zauna suna tauna biro, a ranar za ka ga takarda ta yi musu kaɗan, domin an ba su abin faɗi. Ina roƙon hukumomin ilimi na jihohi da su sanya irin wannan fita, ko sau ɗaya a kowane zangon karatu, ta zama haƙƙin kowane ɗalibi, kwalejojin horon malamai kuma su koyar da yadda ake shirya ta, gidajen tarihi na gwamnati su yafe wa makarantun talakawa kuɗin shiga, tun da ma'aikatansu sau da yawa a zaune suke wuni ba baƙo.

Ranar Asabar da ta biyo bayan waccan ziyara na koma gidan ƙanwata da sassafe, na ce a ba ni aron yaron. Muka bi hanyar makarantarsu har gindin tudun, na ce masa, "Ga ganuwar Kano." Ya dube ni, ya dubi tudu, ya yi shiru wani lokaci mai tsawo, sa'an nan ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a jikinta. Ya auna faɗin gindinta da takunsa, ya rubuta adadin a bayan littafinsa, ya tambaye ni inda aka samo ƙasa mai yawa haka, na nuna masa kwarin da ke biye da ita ta waje, wanda ya cika da shara yanzu, na gaya masa daga nan aka haƙo ta, ramin kuma ya zama wani shingen ga dawakin abokan gaba. Da muna komowa ya ce, "Kawu, don Allah ka zo ka gaya wa hedimastanmu, 'yan ajinmu ma ba su sani ba." Na je ran Litinin. Hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ya kira malamin ajin, muka zauna mu uku a ofishinsa, aka sa ranar Alhamis ta makon sama, da ƙarfe takwas na safe, ni kuma aka ɗora mini neman dattijon unguwa wanda zai yi wa yara bayani.